Amsa ga ƙanwata kan lokacin haihuwar tumaki a gonar kula da mutane a Ingila

Ƙanwata, saƙonki ya iso, ina amsa gaisuwar su Inna. Kin ce hotunan 'ya'yan tumakin da na tura gida sun shiga ranki, ga shi kuma kina neman gurbin digiri na biyu a fannin kiwon dabbobi a Ingila. Shi ne kike tambaya yadda aiki yake a irin gonar da nake, da kuma ko zai zame miki hanyar biza ko ta kuɗin makaranta. Amsar ta biyun gajera ce, a'a, dalilan suna ƙasa. Ta farkon ce mai tsawo.

Gonarmu ƙarama ce, tana yammacin Ingila kusa da iyakar Wales, kuma ba don nama ko madara ake ajiye dabbobinta ba. Don mutane ake ajiye su. Kowace safiya mota na sauke mana manya masu jinkirin fahimta, da masu lalurar otizim, da tsofaffin da ciwon mantuwa ya fara kamawa, wani lokaci har da samarin da makaranta ta gaji da su. Ƙaramar hukuma ko makaranta ko iyalin mutum su ke biyan kuɗin wuninsa, da wannan kuɗin ake sayen abincin dabbobi a biya mu albashi. Irin waɗannan gonaki sun kai kimanin 400 a Birtaniya, kuma ƙungiyar Social Farms & Gardens, wadda aka kafa a 2018, ita ke haɗa kansu da tsara musu ƙa'idar aiki. A Holan sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da hunturu ke sakin ƙasa, nan aikin shekara yake taruwa. Tumakinmu na gida, Balami da Uda da Yankasa, ba su da watan haihuwa, kowane lokaci kina iya wayar gari da jariri a turke. Na nan ba haka suke ba, sai rana ta fara gajarta a kaka suke neman rago. Ana sakar musu shi a farkon Nuwamba, ciki ya yi wata biyar, kwana 147 ko kusa da haka, sai haihuwa ta zo a farkon Afrilu daidai da fitowar sabuwar ciyawa. Saboda haka kusan duk garken a 'yan makonni yake haihuwa, barci kuwa sai dai a yi shi guntu-guntu. Tun cikin hunturu mai na'urar duba ciki ya zo ya faɗi wadda ke ɗauke da ɗaya, da mai biyu, da mai uku, an shafa wa kowace fenti a baya don a san yawan abincin da za a ba ta. Mai tagwaye idan ba ta ƙoshi a makonnin ƙarshe ba, sai ta ware daga garke, ta daina ci, ta kwanta.

Ki cire hoton rana da furanni daga ranki. Afrilu a nan ruwa ne da iska da caɓi, wata safiyar ma ki tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa. Sanyi da yunwa su ne manyan masu kashe jarirai, shi ya sa da zarar tunkiya ta sauka ake kai ta wani ɗan keji ita da 'ya'yanta, a tsoma cibiya cikin aidin mai ƙarfi, a matsa nonon a ga ko yana zuwa. Dakashi shi ne komai: mililita 50 ga kowane kilo na nauyin jaririn a sa'o'in farko, ya kai 200 ga kowane kilo kafin kwana ya zagayo. Wanda ya kasa tsotso ana zura masa siririn bututu har ciki. Zafin jikin lafiyayye digiri 39 zuwa 40 ne. Idan ya faɗi ƙasa da 37 sai akwatin ɗumama, kuma wanda ya haura sa'a biyar da haihuwa sai an fara ba shi sukari kafin a ɗumama shi, in ba haka ba ɗumin ne zai ƙarasa shi.

A nan ne idon da kika samu a tsakar gida zai yi miki rana. Yawancin masu neman aiki a irin gonar nan daga ɓangaren jinya suka fito, sun iya mutane amma ba su taɓa kama ƙafar tunkiya ba. Ke kuwa da kika tashi kina yi wa awakin Inna dusa da harawa, daga bakin ƙofa za ki gane wadda ta daina tuƙa, ko jaririn da ya ƙanƙame baya ya shanye ciki. Wannan ba a koyar da shi a aji, kuma manoman nan suna ganin girman mai shi.

Tunkiya nono biyu gare ta, don haka na ukun a 'yan uku sai an nema masa uwa. Idan an yi sa'a wata mai ɗaya tana naƙuda, sai a mulke shi da ruwan haihuwarta a tura mata shi kafin nata. Idan ɗan wata ya mutu, tsofaffin makiyaya na feɗe fatarsa su sa wa marayan, uwar ta sunsuna ta karɓa. Wanda duk dabara ta ƙi sai kwalba, kuma marayun kwalba su ne zuciyar gonar a wannan lokaci. Akwai wani bawan Allah da ke zuwa mana, ba ya haɗa ido da kowa, magana ma sai da ƙyar. Idan aka miƙa masa kwalba, ya san jaririn nan ba zai sha ba sai ya zauna ya natsu, kuma yana natsuwar. Ranar da ba ranar zuwansa ba, gidansu na bugo waya su tambayi lafiyar ɗan tunkiyarsa.

To ga inda aikin ke da wuya ga irinmu. Cika bokitai da ruwa, da share keji, da tura baro zuwa juji, abin da za ki gama cikin minti goma, za ki tsaya kina kallo wani ya kwashe kusan sa'a guda yana yi, rabin ruwan ma a ƙasa. Hannunki zai yi ta ƙaiƙayi. Mu an raine mu a kan cewa idan ka ga mai rauni yana fama, ka karɓe masa. A nan idan kika karɓe, kin ƙwace masa abin da ya zo nema, wanda kuma aka biya kuɗi dominsa. Aikinki shi ne ki yanka aikin ƙanana-ƙanana daidai ƙarfinsa, ki tsaya kusa, ki koma daga baya a ɓoye ki duba ko dabbar ta samu ruwan da ya ishe ta. Ni a ganina wanda ba zai iya wannan haƙurin ba, gara ya nemi gonar kasuwanci, can sauri ake so. Tausayi irin na "Allah sarki" ma ba a son jin sa. Da sunansa za ki kira dattijo mai shekara tamanin, ba Baba ba Malam, abin da har yau bakina bai gama sabawa da shi ba.

Kafin a bar ki da mutanen sai hukumar DBS, mai duba ko mutum ya taɓa aikata laifi, ta binciki tarihinki, kuma da yake daga waje kika zo, za a nemi takardar shaidar 'yan sanda daga Najeriya, ki taho da ita. Ba a ɗaukar hotonsu a waya, shi ya sa kika ga tumaki zalla a hotunana. Ba a ba su lambar waya, ba a karɓar kyauta, kuma duk abin da ya faru, ko ƙwarzane ne, sai an rubuta.

Abu ɗaya ki riƙe da kyau tunda ke amarya ce. Mai juna biyu, ko wadda ke zaton tana da shi, ba ta kusantar tumaki masu haihuwa, ba ta taɓa jarirai ko mabiyiya, ba ta ma wanke kayan wanda ya yi aikin. Cututtukan da ke sa tunkiya ɓari suna kama mace su zubar mata da ciki. Hukumomin lafiya na maimaita wannan gargaɗi kowace shekara. Na san kunyarmu, ba ma faɗin ƙaramin ciki ko ga uwa, amma a nan dole ki faɗa wa shugabar gona, ita kuma doka ta wajabta mata ta canza miki aiki. Haka wanke hannu: da sabulu da ruwan famfo, man shafawan nan na kashe ƙwayoyin cuta ba ya wadatarwa. A 2009 mutum 93, akasarinsu yara, suka kamu da mugun ciwon ciki daga wata gonar ziyara a Surrey, tun daga nan ba a wasa da maganar. Rabin faɗan da nake yi a wuni a bakin famfo nake yin sa.

Dokokin dabbobi kuma sai kin ajiye wasu halayen gida. Ragowar tuwo da ɓawon doya da muke zuba wa awaki da kaji, a nan laifi ne, duk abin da ya ratsa ɗakin girki ba ya zuwa bakin dabbar gona. Asalin tsananin daga 2001 ne, lokacin da ciwon baki da kofato ya ɓarke daga wata gonar aladu da ake ba su ragowar abinci, aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Kowace babbar tunkiya da lambobinta biyu a kunne, ɗaya mai na'ura ce. Idan sabuwar tunkiya ta shigo gona, babu wadda za ta fita sai bayan kwana shida, in ba mahauta za a kai ta ba. Allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kasuwar ƙauye a gida, a nan sai da izinin likitan dabbobi, a kuma rubuta a littafi. Zoben roba na dandaƙa ko guntule wutsiya cikin kwana bakwai na farko kawai aka yarda da shi. Mushe ba a binne shi a gona, akwai masu zuwa ɗauka. Ragon layya ma ba za ki saya ki yanka a bayan gida ba, sai a mahautar da hukuma ta amince da ita.

Sauran dabbobin ba su da yawan rigima. Kaji na komawa ƙwai da rana ta ƙara tsawo, muna sa wasu a na'ura mutanen su riƙa ƙirga kwana 21 a allo. Murar tsuntsaye na sa a kulle su a akurki da hunturu, kuma tun Oktoban 2024 ko kaza ɗaya gare ki sai kin yi mata rajista. Jakuna da ƙananan dawakai ana taƙaita musu sabuwar ciyawa, don zaƙinta na kumbura musu cikin kofato har su kasa takawa. Gajerun awakin da yara ke rububi a kansu, asalinsu daga gajerun awakin kudancin ƙasarmu da maƙwabta ne, ɓarnar ma iri ɗaya. Wajen ƙarshen Mayu sai a fara duba bayan tumaki saboda ƙuda na yi musu tsutsa a cikin gashi, daga nan sai aski.

Gonaki da yawa suna da aladu da karnuka. Ki faɗa tun ranar ganawa abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba. Ni na faɗa, aka ba wata kejin aladu ni na ɗauki kaji. Salla kuma ki lura da agogo, ana tura shi gaba da sa'a guda a Lahadin ƙarshe ta Maris, tsawon wuni kuma na ƙaruwa daga kusan sa'a 11 a farkon Maris zuwa sama da 16 a ƙarshen Mayu. Asuba na yin wuri ƙwarai, isha na yin nisa.

Yanzu maganar biza. Irin waɗannan gonaki ƙungiyoyin agaji ne ko na iyali, da ƙyar suke rufe shekara, kusan babu mai lasisin ɗauko ma'aikaci daga waje. Bizar masu aikin kula da mutane an rufe ta ga masu nema daga ƙetare tun 22 ga Yulin 2025. Bizar aikin gona ta ɗan lokaci ta tsinkar 'ya'yan itace da kayan lambu ce, sai aikin kaji a ƙarshen shekara, babu tumaki a ciki. Duk wanda ya ce ki kawo miliyoyi ya samo miki takardar aiki a gonar kula da mutane, ɗan damfara ne, ko a masallacin unguwa kuka san shi. Ki kuma sani tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya tahowa da miji ko mata, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ku zauna da maigidanki a kan wannan kafin ki biya ko sisi.

Idan kin zo a ɗaliba, sa'a 20 a mako aka yarda ki yi aiki lokacin karatu. Albashin gonar bai wuce mafi ƙarancin da doka ta sa ba, wanda a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a sa'a, zai taimaka da cefane da wani abu na haya, ba zai taɓa kuɗin makaranta ba. Aikin sa-kai ma idan yana da ranaku da sa'o'in da aka ɗaure ki da su, yana shiga lissafin sa'a 20 ɗin, don haka ki tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'arki kafin ki amsa. Gonakin kuma suna lungu, bas ba ta zuwa da sassafe, lasisin tuƙinki na Najeriya wata 12 kawai zai yi miki aiki.

Wajen zaɓen makaranta ki duba Harper Adams a Shropshire, da Hartpury, da Royal Agricultural University a Cirencester, da Aberystwyth a Wales, duk suna cikin yankunan kiwo. Ƙungiyar masu tumaki ta ƙasa, National Sheep Association, na fitar da jerin manoman da ke neman ɗalibai su taya su karɓar haihuwa, kuma hutun Ista na faɗowa daidai lokacin. Ki fara da wannan, mako biyu a rumfar haihuwa zai nuna miki ko jikinki zai ɗauki sanyin da rashin barcin. Ki turo mini takardun makarantun da kika nema in duba ranakun hutunsu, dogon takalmin roba da rigar ruwa kuma kada ki saya a gida, na nan sun fi kauri.