Tambayi Likita: Lafiyar Mace Bayan Ta Bar Gidan Duka

Tambaya: Likita, wata uku ke nan da na bar gidan mijina saboda duka, na kama ɗinki a Ƙofar Marusa. Kunnen da ya mare ni har yanzu yana ƙugi, ba na ji sosai.

Amsa: Sannu 'yar'uwa. Mari mai ƙarfi kan huda tantanin kunne, kuma yawanci hujin kan toshe da kansa cikin wata biyu zuwa uku. Naki ya kai lokacin dubawa. Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kafin nan ki kiyaye ruwa wajen wanka, kada kuma ki ɗiga man zaitun ko na habbatus sauda, ko da maƙwabta sun rantse da shi.

Tambaya: Ina sayar da awara a Daura tun bayan rabuwarmu. Ba na barci, in aka buga ƙofa sai gabana ya faɗi, jikina ya kama rawa. Wata ƙawata ta ba ni ƙwayar barci.

Amsa: Hajiya, wannan ba aljanu ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe cikin tsoro ce ba ta yarda an tsira ba. In ya wuce wata ɗaya, ciwo ne da ake yi wa magani. Ƙwayoyin nan, irin su diazepam, cikin 'yan makonni jiki ke sabawa da su, daga nan kuɗin awarar ma can zai ƙare. In kin daɗe kina sha, kada ki daina rana ɗaya. Ki je Babban Asibitin Daura su rage miki a hankali, su haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa. Maganin da ya dace kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa. Sana'ar kuwa ki riƙe ta, fita da hulɗa da mutane suna taimakawa. In tunanin kashe kanki ya zo, ranar za ki je asibiti, ba gobe ba.

Tambaya: Ya taɓa shaƙe ni har na suma. Yanzu iyaye sun ce in yi haƙuri in koma.

Amsa: Ƙanwata, shaƙa na cikin manyan alamun cewa duka zai iya kaiwa ga kisa. Ni dai ba zan kira komawa haƙuri ba. Ki sa a duba wuyanki, musamman in muryarki ta dishe ko haɗiya na yi miki wuya. Ki karɓi rahoton likita a rubuce, ki nuna wa iyayenki, ki ajiye kwafi saboda kotu.