Amsar tambayarka kan daskararren karas da garin tafarnuwa

Yarona, jiya muna cikin aiki ka tambaye ni ko garin tafarnuwa ya fi daskararren karas amfani a jiki, tunda jadawalin da ka gani ya nuna ya fi shi furotin da sinadarin ƙarfe da fotashiyam. Alƙaluman da ka gani gaskiya ne, amma akwai abin da ba ka lura da shi ba, kuma shi ne nake so ka riƙe tun yanzu.

Irin wannan jadawali yakan auna kowane abinci a kan giram 100. A wannan ma'auni, garin tafarnuwa yana da kalori kusan 330 da furotin wajen giram 16, shi kuwa karas kalorinsa bai wuce 36 ba, furotin ɗinsa ma bai kai giram 1 ba. Dalili shi ne ruwa. Kusan kashi 90 cikin 100 na karas ruwa ne, ita kuwa tafarnuwa an busar da ita har ruwan da ya rage mata bai kai kashi 7 ba, saboda haka duk abin da ke cikinta ya taru wuri guda. To, wa ka taɓa gani ya ci giram 100 na garin tafarnuwa? Abin da muke zubawa a tukunya ƙaramin cokali ne, wato kamar giram 3, wanda bai fi kalori 10 da rabin giram na furotin ba, kuma mutane da yawa ne za su raba shi. Karas kuwa mutum ɗaya yakan ci giram 100 a zama guda, ya sami fotashiyam da ya ninka na cokalin nan sau shida.

Babban abin da karas ya fi garin tafarnuwa da shi ma jadawalin ya nuna, ido ne bai kai ba: bita-karotin, sinadarin da ke ba shi launinsa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A domin lafiyar ido da fata. Garin tafarnuwa ba shi da ko kaɗan. Kada ka raina karas don an daskarar da shi. Kafin a sa shi a firiza akan tsoma shi a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, abin da ke rage masa bitamin C, amma bita-karotin yana nan daram. Ka dafa shi da ɗan mai, domin a cikin mai wannan sinadari yake narkewa, ta nan ne kuma hanji ya fi tsotse shi.

Ita tafarnuwa, a ganina, darajarta tana ga ƙamshi da ɗanɗano, kuma tana ba mu damar rage gishiri ba tare da abinci ya yi lami ba. Sinadarin alisin, wanda ke ba tafarnuwa kaifinta, ba ya fitowa daga garin sai ya jiƙe, zafi mai yawa kuma yana hana shi fitowa, don haka ka dama garin da ɗan ruwa, ka bar shi kaɗan kafin ka zuba. Ka kuma riƙa duba rubutun jikin kwalba da kyau, domin akwai wanda ake haɗawa da gishiri, kuma gishirin ne ya fi yawa a cikinsa.