Manhajar gano cuta da idon mai magani

Ɗana, ka tambaye ni ko manhajar nan ta kwamfuta, wadda ake faɗa mata alamomin ciwo ta faɗi cutar, za ta rage maka shekarun zama a gabana. Matso ka ji.

Abin ya daɗe. Tun a shekarun 1970 Edward Shortliffe ya haɗa wata mai suna MYCIN a Jami'ar Stanford ta Amurka, da ƙa'idoji wajen 600, don gano ƙwayoyin cutar da ke shiga jini da masu kawo sanƙarau. Kafin shekarun su ƙare, a ƙasar Sin aka zuba wa kwamfuta ilimin Guan Youbo, gwanin maganin gargajiya na ciwon hanta a Beijing. Duk salon ɗaya ne: a zaunar da gwani, a tatsi saninsa, a jera shi "in ka ga kaza da kaza, to kaza ne". Ita kuma ta riƙa yi maka tambaya tana bin jerin har ta kai ga amsa.

Ka ga ke nan abin da gwanin ya iya faɗa da baki kaɗai ta sani, kuma da idonka take gani. Za ta ce: idonsa ya yi rawaya? Kai ne za ka ɗaga fatar idon ka duba, da hasken rana, ba da fitila ba. In ka kuskure, ta ɗora a kan kuskurenka. Sannan mu a bakinmu duk shawara ce, alhali rawayar ido tana zuwa daga ciwon hanta, daga zazzaɓin cizon sauro, daga sikila, ko daga toshewar hanyar maɗaciya. In wanda ya jera ƙa'idojin bai rarrabe su ba, saiwa ɗaya za ta nuna maka ga mutum huɗu.

Amma ban raina ta ba, don ba ta mantuwa. Na taɓa soma haɗa wa wata mata magani ban tambaye ta ko tana da juna biyu ba. Allah ya kiyaye, ita ta faɗa da kanta, kuma har yau abin yana damuna. Manhaja ba ta tsallake wannan tambayar. Mai kyau kuma takan tsayar da kai in aka ce zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jijjiga a yaro, ko aman jini, ta ce a tafi asibiti nan take.

Gobe ka zo da ita. Ka fara duba mara lafiya da kanka, ka rubuta abin da ka gani, sannan mu tambaye ta. Inda kuka saɓa, nan zan tsaya da kai.