Shin "anormal" da "anomalie" 'yan uwa ne?

Wata ɗaliba daga Damagaram ta tambaya ko kalmomin Faransanci "anormal" da "anomalie" tushensu ɗaya ne, kuma me ya raba su da "irrégulier".

Malama, tushensu na farko daban ne, amma daga baya sun cakuɗu. "Anomalie" daga Girkanci ta fito. "Homalos" na nufin abin da yake shimfiɗe sumul, "an" kuma ƙorewa ce, wato wuri mai tudu da kwari. Mutane da dama suna zaton daga "nomos" take, wato doka, alhali ba haka ba ne. Jamusawa sun ɗauke ta kamar yadda Faransawa ke rubuta ta, Sifaniyawa na cewa "anomalía", Rashawa kuma "anomaliya".

Ita kuwa "anormal" a wurin kafinta za ki same ta. A Latin, "norma" shi ne ma'aunin da kafinta ke karawa a jikin katako ya ga ko kusurwa ta tsaya daidai. Abin da ya kauce wa wannan ma'auni shi ne "abnormis". Daga baya marubutan Latin na tsakiyar zamani suka cakuɗa ta da kalmar Girkancin nan, aka sami "anormalus", wadda ta haifi "anormal". Ingilishi ya daɗe yana cewa "anormal", sai a ƙarni na 19 aka mayar mata da harafin b, ta zama "abnormal". "Énorme", wato ƙato, daga wannan ma'aunin ta fito: abin da ya zarce awo.

"Irrégulier" daga "regula" take, miƙaƙƙen sanda na ja layi. Italiyanci na da "irregolare", Jamusanci "unregelmäßig". Rular da yaranmu ke sakawa a jakar makaranta ma jikar wannan kalma ce, ta hanyar Ingilishi.

Wurin fassara ne nake so ki yi hattara. Aikatau na Faransanci "irrégulier" kamar "aller" (tafi), wanda ba ya bin ƙa'idar sauran, malaman nahawun Larabci za su ce masa shazzi, kuma babu aibi a ciki. Bugun zuciya "irrégulier" shi ne wanda ba ya tafiya bai ɗaya. Sakamakon gwajin jini "anormal" kuma ya fita daga iyakar da likitoci suka saba gani. Amma kada ki jingina "anormal" ga mutum, musamman yaro mai nakasa. Tana da zafi a kunnen Bafaranshe kamar yadda "bauɗaɗɗe" ke da zafi a namu. Ki faɗi sunan larurar kawai.