Amsa: me ya sa hoton majigi yake ƙiftawa a waya?

Ɗan'uwa, ka ce ka haska tsohon fim ɗin Super 8 (siririn zaren fim na majigin gida) na gidanku a bango, ka ɗauka da waya, sai hoton ya riƙa ƙiftawa. Gudun na'urorin biyu ne bai zo ɗaya ba. Super 8 yana tafiya hoto 18 a daƙiƙa, kuma yawancin majigin suna da marufi mai fiffike uku da ke juyawa yana tare haske, wato haske yana walƙawa sau 54 a daƙiƙa. Waya kuwa hoto 30 ko 60 take ɗauka a daƙiƙa. In majiginka yana da abin saita gudu, ɗaga shi a hankali zuwa wajen hoto 20 a daƙiƙa (walƙawa 60 ke nan, wadda ta dace da gudun waya) har ƙiftawar ta lafa, daga baya ka rage gudun bidiyon a kwamfuta.

Ka bar bango. Farar takarda marar ƙyalli, girman A4, ta fi fito da haske da kala. Kafe wayar daram dab da idon majigin don kada hoton ya karkace, ka kashe fitilun ɗaki, ka danna allon wayar ka riƙe har fokas da haske su kulle.

Don Allah kada ka tsayar da fim fitila tana kunne, zafinta yana iya ƙona shi nan take. In kuma ka ji yana warin tsami, ya fara lalacewa, shi za ka fara ɗauka.