Amsa ga Alhaji kan ƙwace gidaje da sunan ci gaba

Assalamu alaikum. Alhaji, na saurari muryarka inda kake cewa da a Amurka ne babu gwamnatin da za ta taɓa gidan talaka ta miƙa wa ɗan kasuwa. Allah ya ƙara girma, amma maganar ba haka take ba.

Gyara na 5 a tsarin mulkinsu ya yarda gwamnati ta karɓi kadarar mutum idan jama'a ne za su amfana, muddin an biya shi diyya. A kan hanya ko asibiti babu mai jayayya. Rigimar ta taso ne a garin New London na jihar Connecticut, inda hukuma ta ƙudiri rushe unguwar Fort Trumbull domin a gina otal da ofisoshi da gidajen masu hali, wai don haraji ya ƙaru, a kuma samu ayyukan yi. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Susette Kelo ta ce gidanta ba na sayarwa ba ne, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, kuma a shekarar 2005 alƙalai 5 suka ba hukuma gaskiya, 4 suka ƙi. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta yi gargaɗi cewa daga yanzu babu abin da zai hana a karɓe gonar mutum a kafa masana'anta a wurin.

Na sha faɗa a zauren nan cewa kamfanin magunguna na Pfizer aka ba filin, to bari in gyara: cibiyarsa tana maƙwabtaka da unguwar ne, kuma zuwansa ya sa aka tsara aikin. A 2009 kamfanin ya sanar zai bar garin, filin da aka kori mutane a kansa ya shekara da shekaru babu ko tubali ɗaya. Sai dai jama'a sun yi ca a kan hukuncin kotun, har jihohi fiye da 40 suka gyara dokokinsu.

Mu kuwa a Najeriya Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallakarka da sunan maslahar jama'a, kuma diyyar ta abin da ke kan filin ce, gini ko shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Haka aka yi da gonar marigayi mahaifinmu. Aka ce masana'anta za a kafa, aka zo aka ƙirga mangwaro da ɗorawa, aka biya shi abin da bai isa sayen rabin wata gonar ba, bayan 'yan shekaru muka ga an yanka ta fuloti-fuloti ana sayarwa. Takardar diyyar tana nan a akwatin Inna, idan kana so sai in ɗauki hotonta in turo maka.