Amsa ga Hajiya kan amai da gudawa a gidan haya

Assalamu alaikum Hajiya. Na karanta tambayarki cewa yara biyu sun kwanta da amai da gudawa a gidan da kike haya a unguwar Nima da ke Akra, kuma mai gidan ya ce a rufa asiri kada ma'aikatan lafiya su ji. Don Allah kada ki bi maganarsa, ku kai yaran asibiti yau ɗin nan. Irin wannan rufa asirin ne ya kusa raba mu da ƙanwata a shekarar 2014, lokacin da kwalara ta kama mutane sama da 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 240, kuma Akra ce ta fi jin jiki.

Cikin dare ciwon ya kama ta, kafin asuba idanunta sun zurma, muryarta ta dushe, gudawar kuma fara kamar ruwan wankin shinkafa. Mai gidanmu, mutumin da muke kira Baba, muke durƙusawa mu gaishe shi kowace safiya, shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kada mu fita da ita sai duhu ya yi, domin idan labari ya bazu za a rufe masa banɗakin da yake karɓar kuɗi a kansa. Ya ƙara da cewa duk wanda ya tona masa asiri ya nemi wani ɗakin. Mahaifiyarmu tana kuka tana roƙonsa, ko kallonta bai yi ba, matarsa kuwa ta kwashe 'ya'yanta ta kulle ɗaki. Har yau idan na tuna yadda ya fifita kuɗin banɗaki a kan ran yarinyar da ta girma a gabansa, zuciyata tafasa take yi.

Wata baiwar Allah mai sayar da koko a layinmu ce ta shigo ba tare da neman izinin kowa ba. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ɗura mata kaɗan-kaɗan, sannan ta aika aka kira samarin unguwa, suka ɗauke ta zuwa bakin titi duk da faɗan mai gidan. Ki riƙe ma'aunin: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Idan akwai ORS a kemis, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari na cikin fakiti, shi ya fi. A riƙa ba yaran har a kan hanya, domin ƙarewar ruwan jiki ke kisa, wani lokaci cikin 'yan awoyi. Mai shan nono kuma kada a tsayar masa.

Ki je wurin limaminku ki roƙe shi ya yi sanarwa bayan Magariba, domin mutanen zango sun fi jin maganar malamansu. Mun ga haka a 2020, lokacin da aka rufe masallatai saboda korona, aka kuma kulle Akra da Kumasi mako uku daga 30 ga Maris. Da Babban Limamin Ghana Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya ce a yi salla a gida, jama'a suka bi. Bokitin Veronica, wato bokiti mai famfo na wanke hannu, da aka ajiye a ƙofar kowane masallaci a lokacin, ina mamakin yadda muka bar shi ya ɓace, alhali wanke hannu da sabulu a ƙarƙashinsa yana kare mu daga kwalara ma. Ku saya ɗaya a gidanku, ku tafasa ruwan sha, abinci kuma a ci da zafinsa.

Matan gidan ku ware wani abu daga adashenku don kuɗin tasi, saboda da yawa ba su rasa niyyar zuwa asibiti ba, kuɗin mota suka rasa da tsakar dare. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka yi rashi a layin, kada a gaggauta wankan gawa sai an sanar da ma'aikatan lafiya, domin gawar mai kwalara tana yaɗa cutar ga masu wanka. Allah ya ba yaran lafiya, ki sanar da mu halin da suke ciki.